Tasbahar Ƙurɗuba

A cikin dirowar teburina akwai wani ɗan ƙyalle da aka ƙulle ƙwayar itacen zaitun ashirin da ɗaya a ciki. Na sauya gida sau huɗu tun barina unguwar Minguettes ta bayan Lyon, na kyautar da katifa da tukwane, na bar littattafai a bakin matakala, amma ƙullin nan yana biye da ni. Matata ta taɓa tambayata ko magani ne. Na ce mata a'a, tsaraba ce aka mayar mini. Ban ƙara komai ba, domin an hana ni faɗa, kuma wadda ta hana ni ta isa ta hana.

A lokacin ina karatun dokta a Lyon, kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da ban-ruwa. Ɗakina yana hawa na goma sha ɗaya, a dogon benen da asansarsa, na'urar ɗaukar mutane sama, take aiki ranar da ta ga dama. Yayata kuwa tana Stains, bayan Paris, tana aikin kula da tsofaffi. Ita ta yi faɗi-tashi har ta kawo Inna daga Maradi don a cire mata yanar ido, saboda na dama ya rufe, na hagun ma ya kama hanya. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu kafin nan. Ban je jana'iza ba, ban je sadakar arba'in ba, ina zaune ina jiran takardar zama ta fito. Kowa ya ce ba laifina ba ne, ni ma na yi ta faɗa wa kaina haka.

Malam, haka muke kiran mahaifinmu, tela ne mai karantarwa a zaure bayan la'asar. Yana da wani tafsiri mai juzu'i da yawa wanda wani malamin Andalus ya rubuta, mutumin wani gari da ake kira Ƙurɗuba. Duk ranar da ya buɗe shi sai ya ambaci sunan garin a hankali, kamar mai tsotsar dabino. Yakan ce akwai masallaci can wanda ginshiƙansa ba su ƙirguwa, mutum yakan ɓace wa ɗan'uwansa a ciki. Shi bai taɓa wuce Kano ba sai sau ɗaya da ya je Makka. Mu yara mun ɗauka Ƙurɗuba unguwa ce a bayan Madina.

Bakina ne ya ja mini. Ana saura mako guda a yi wa Inna aiki na tafi Paris na gaishe ta. Muna zaune a falon Yaya, ana cin tuwon semul, na ce ba zan samu ranar aikin ba, za mu je taron masana a Ispaniya, a wani gari Kordoba. Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma ni auta ne, kuma ɗan boko, ba na iya barin ilimi ya kwana a cikina. Na ƙara da cewa ai ita ce Ƙurɗubar Malam.

Inna ta ajiye lomar da ke hannunta.

"Ƙurɗuba wace? Ta littahin Malam?"

"Ita fa, Inna."

"Tana nan har yanzu? Mutane na tahiya can?"

"Kusa ce ma. Da hantsi ka tashi, ka yi azahar can."

"Masallacin shina nan?"

Na san amsar sarai. Ginin yana nan, amma ya yi ɗaruruwan shekaru da zama babbar cocin garin, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Na ce, "Yana nan." Yaya ta ɗago daga kan kwanon miya ta harare ni, ta ce mini da Faransanci, don kada Inna ta ji, in ƙarasa maganar. Na yi kamar ina neman gishiri.

Inna ta lalubo gwiwata ta dafa.

"Auta, saƙo guda gare ni. In ka shiga, ka yi raka'a biyu, ka roƙa ma Malam gahwara. Ba ka samu rufe shi ba, to ga shi Allah ya ba ka abin da ya hi. Ba ni son zane, ba ni son takalmi. In ka ga tasbaha ƙohwar masallacin ka sawo mini, in riƙa ja ina tuna shi. Shi ke nan."

Na ce in sha Allahu, da ƙarfi, har da gyaɗa kai, ko da yake ba ta ganin gyaɗawar.

Kwana huɗu muka yi a garin, cikin watan Mayu. Taron da safe ake yi, nawa jawabin minti goma sha biyar ne, na gama shi tun ranar farko. Sauran lokacin na yawo ne, kuma na samu ɗan jagora na gari: abokin aikina da muke ofis ɗaya a Lyon, ɗan wani ƙauye kusa da Kordoba, wanda kakarsa ta rene shi. Da bakinsa yake cewa rabonsa da coci tun bikin ƙanwarsa, amma babu cocin da bai san ƙofarta ta baya ba. Ya kai ni wata mai zagayayyar taga kamar faifai. Ya kai ni wani ɗan fili mai fararen bangaye, shiru kamar an share sauti, da gunkin Almasihu a kan gicciye a tsakiya, fitilu na ƙarfe sun kewaye shi. Ya kai ni gidan wasu mata masu zaman ibada waɗanda ba sa fita, suna sayar da biskit ta wani katako mai juyawa a jikin bango. Ka yi sallama, murya ta amsa daga ciki, ka faɗi abin da kake so, katakon ya juyo da shi, ba ka ga fuskar kowa ba. Na yi dariya na ce masa ai mu ma haka ake sayen fura a gidan kulle. A kowane dandali an kafa gicciye an lulluɓe shi da furanni, mutane na rawa a gindinsa suna cin dodon-koɗi a ƙananan kofuna.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai. Shekara uku ina tsakanin labo, ɗakin bincikenmu, da bene na goma sha ɗaya, ina ƙirga kwanakin takarda, sai ga rana mai zafi irin ta gida, ga inuwa, ga mutane masu magana da ƙarfi. Na ɗauki hoto ya fi ɗari uku. Tun ina ƙirga cocin da muka shiga har na bari.

Masallacin kuwa rana ta biyu muka je, mu takwas daga taron, kowa da biyensa na shiga a hannu. Ana fara shiga wata farfajiya ce mai itatuwan lemu, da 'yan magudanan ruwa da aka shimfiɗa daga gindin wannan itace zuwa wancan. Nan na tsaya ina yi wa mutane bayanin yadda aka karkata ƙasa don ruwa ya bi, abin da ba wanda ya tambaye ni. Da muka zo bakin ƙofa sai ƙafata ta tsaya da kanta. Hannuna har ya nufi igiyar takalmi. Na ga kowa ya wuce da nasa, ni ma na wuce.

Malam bai ƙara gishiri ba. Duhu-duhu ne da sanyi, ginshiƙai a jere ta kowace fuska har ido ya gaji, a kansu bakuna masu ratsin ja da fari, ɗaya bisa ɗaya. Na juya in yi wa abokina magana na tarar ya ɓace mini, kamar yadda Malam ya faɗa a zaure. Can ƙarshe ga mihrabi a bayan shingen ƙarfe, an yi masa ado da ruwan zinariya, da ayoyi a kewaye. Na iya karanta wasu, kuma wanda ya koya mini baƙaƙen shi ne mutumin da aka aiko ni in roƙa wa gafara. A tsakiyar ginin kuma sai rufin ya tashi sama fari fat, ga coci cikakkiya, da kujerun katako da aka sassaƙa, da gumaka, da wasu tsofaffin mata a durƙushe. Masu gadi suna kai da kawo a hankali, hannu a baya.

Abokina ya same ni a gaban shingen. Ya rage murya ya ce na dai san ba a salla a nan, kuma shi abin ba ya yi masa daɗi, in yi haƙuri. Mutumin kirki, yana ba ni haƙuri a kan abin da ba shi ya yi ba. Ni kuwa sai na yi dariya na ce kada ya damu, ni gine-gine na zo kallo, ba salla ba. Wani farfesa da ke kusa ya ji, ya dafa kafaɗata ya ce shi irin Musulmin da yake so ke nan. Abin kunyar shi ne, a lokacin daɗi na ji.

Na daɗe ina ba kaina uzuri da dokar wurin, kuma uzuri ne na gaskiya. Takardar zamana ta wucin gadi ce, ba ni da ƙarfin da zan kabbarta salla a gaban masu gadi a ƙasar da ba tawa ba. Inna da kanta ba za ta so a kama ɗanta ba. Amma ba wanda yake gadin cikin bakin mutum. Ina iya tsayawa a gaban mihrabin nan, hannu a aljihu, in karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu in ce Allah ka ji ƙan bawanka, in koma in gaya mata abin da na iya ke nan. Minti goma na yi a wurin. Abin da na yi shi ne gyara kyamara, saboda hasken bai isa ba.

Na ce gobe zan dawo ni kaɗai. Kuma na dawo, da safe, lokacin da ake buɗewa kafin 'yan yawon buɗe ido su cika. Wurin kusan ba kowa. Na tsaya a gaban shingen, sai na tuna ko alwala ba ni da ita, asubar ranar ma ban yi ba. Gaskiyar magana, na yi watanni salla tana kuɓuce mini, sai Juma'a jefi-jefi. Na ji nauyi irin na wanda bai taɓa zuwa gaisuwa gidan mutum ba sai ranar da yake da buƙata. Duk da haka na fara, na yi bisimilla, na kai rabin Fatiha. Sai aka kaɗa ƙararrawa, aka fara kiɗan nan nasu mai fitowa daga dogayen bututu, har ƙasa tana amsawa. Na ce bari in leƙa na minti ɗaya. Na jingina da ginshiƙi ina kallon limaminsu da fararen kaya, ina sauraro, har na duba agogo na ga taro ya kusa farawa. Na fita da sauri ta farfajiyar lemu, sai a bakin titi na tuna ban ƙarasa Fatihar ba.

Da yammacin ranar muka bi ta tsohuwar gadar dutse da ke bayan ginin. A tsakiyarta akwai gunkin wani mala'ika, an jera jajayen kyandirori a ƙafarsa. Abokina ya miƙo mini jakarsa ya ce in riƙe masa. Ya fito da kyandir daga aljihu, ya kunna, ya kare shi da tafin hannu saboda iska, ya ajiye. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, leɓɓansa suka yi motsi, mutane na wucewa ta bayansa da kekuna da karnuka, ko a jikinsa. Da ya gama na tsokane shi, na ce ashe dai malam ne a ɓoye, ya yarda da abin ke nan? Ya karɓi jakarsa ya ce shi bai sani ba. Kakarsa ce kafin ta rasu ta ce duk ranar da ya bi ta gadar nan ya kunna mata ɗaya, shi kuma yana kunnawa. Daga nan ya tambaye ni inda nake so mu ci abinci.

Ranar ƙarshe na tashi da neman tasbaha. Shagunan da ke kewaye da bangon masallacin cike suke da maficai, da jakunkunan fata, da farantai masu zane. A shago ɗaya na ga tasbaha, ta roba, shuɗiya, irin wadda ake shimfiɗawa a kan kwali a bakin titin Porte de la Chapelle, a Paris, wadda Yaya za ta gane tun daga bakin ƙofa. A shagon da ke maƙwabtaka, na kayan coci, sai na ga wata ta itacen zaitun a rataye, ƙwayoyinta sumul, da ƙamshi, nauyinta a hannu kamar ta Malam. Tasu ce, ta Kiristoci, da gicciye a jela. Tsohuwar mai shagon ta tambaye ni ta wa ce. Na ce ta mahaifiyata. Ta naɗe ta a takarda mai laushi, ta shafa bayan hannuna.

A ɗakin otal, ana saura awa biyu jirgin ƙasa ya tashi, na sa abin yankan farce na datse jelar da gicciyen, na cire ɗan ƙarfen da ke da hoton mace, na ƙulle bakin zaren biyu. Gicciyen na kasa jefa shi a kwandon shara, na bar shi a cikin dirowa. Na ɗaga abin da ya rage na duba, ya yi kyau. Na san tsarin ƙwayoyin ba irin namu ba ne, amma na ce wa kaina ai Inna ba ta gani. Da makantar uwata na dogara, babu wata hanyar faɗarsa. Duk bokona, na manta ba da ido ake jan tasbaha ba.

Na isa Stains kwana uku bayan aikin. Inna na zaune a kan darduma, an rufe idon dama da auduga da wani ɗan murfi na roba. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen can, duk na amsa. Sannan ta ce:

"Ka yi?"

"Na yi, Inna."

"Raka'a biyu?"

"Biyu."

"Ina ka tsaya?"

Na ce gaban mihrabi. Daga nan ƙaryar ta riƙa tafiya da ƙafarta, domin duk kayan da na gina ta da su na gaskiya ne. Na ba ta labarin lemu da magudanan ruwa, da ginshiƙan da mutum ke ɓacewa a ciki, da ayoyin zinariya. Na ce dutsen ƙasan yana da sanyi a goshi. Wannan kaɗai na ƙirƙira, kuma a kansa ne ta fara kuka. Hawaye na bin idon da ba a rufe ba, Yaya na faɗa tana cewa lokotoro, likitan idon, ya hana kuka. Daga baya Yaya ta ja ni kicin ta ce, "Kai, tsakani da Allah, sun bar ka?" Na ce da sassafe na je, ba kowa. Ta dube ni, ta dube ni, sannan ta ce, "To, wallahi ka burge ni." Ta ƙara mini nama a miya.

Kafin in fito Inna ta sa an kankare katin waya, an kira Maradi. Baffa, ƙanen Malam, aka fara samu. Ta gaya masa da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, ta miƙo mini wayar. Na sake ba da labarin tun daga lemu. Baffa ya yi ta kabbara, ya sa mini albarka har katin ya kusa ƙarewa, ya ce yau bayan la'asar zai gaya wa ɗaliban Malam a zaure.

Sai bayan an ajiye waya na ba ta tsarabar. Ta warware takardar, ta shinshina itacen, ta shafa a fuska. Ta kama ƙwayar farko ta fara ja, leɓɓanta na motsi. A ta goma yatsanta ya faɗa a fili. Ya tsaya. Ya ci gaba, ya samu ƙwaya guda ita kaɗai, ya sake faɗawa a fili. Ta bi ta haka har ta zagayo kan ƙullin da na yi, ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ta sake zagayawa, wannan karon ba ta karanta komai.

"Itacen na da kyau," ta ce. "Allah shi yi maka albarka."

Na ga tsayawar yatsan nan da idona. Na ce wa kaina tsufa ne.

Mako shida da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Mutanen da rabona da su tun ina lakwal, makarantar firamare, suka riƙa kirana daga Maradi suna yi mini barka. Wani ɗalibin Malam ya ce shi yanzu ya san Malam ya haifu. Ta tagar ɗakina, in gari ya yi haske, ana hango tudun Lyon da cocin da ke kansa, na koma rufe labule. Na kama salla, ba don tsoron Allah kaɗai ba, har da kunya. Raka'a biyun nan na yi su a kan tabarmar roba a hawa na goma sha ɗaya ban san sau nawa ba, na roƙa wa Malam gafara har na gaji da jin muryata. Amma ba abin da aka aike ni ke nan ba, kuma ba abin da na ce na yi ke nan ba. In na kira Inna ta tambayi karatu, ta tambayi abinci, ta ce in riƙa sa rigar sanyi, a watan Yuni. Ba ta sake ambaton Ƙurɗuba ba, kuma shirun ya fi damuna da a ce ta yi faɗa. Na yanke shawara zan gaya mata kafin ta koma gida.

Ana gobe za ta tashi na je. Da rana ne, Yaya na wurin aiki, akwatuna a buɗe a tsakar falo. An yi wa ido na biyu aiki, Inna na zaune kusa da taga da sabon tabarau, tana zura zare a allura da kanta, tana kwancewa tana sake zurawa don daɗi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe haka na rame, kuma wa ya ce in tara wannan gashin. A kan cinyarta ga tasbahar. Ta gajarce. An sake shirya ta a baƙin zare, ƙwayoyin a manne da juna babu fili, kuma a kanta ga doguwar ƙwayar nan da muke kira liman, baƙa, ta tsufa har tana ƙyalli. Na gane ta. Ta tasbahar Malam ce da ta tsinke.

Na zauna a ƙasa gabanta, na ce, "Inna, akwai maganar da nake so..."

"Kana da shekara biyu ka yi ƙyanda," ta ce, kamar ba ta ji ni ba. "Ta koma maka ciki, har mun hidda rai. Na goya ka na kai ka likitar misiyo, asibitin Kiristoci. Malam bai so ba, amma bai hana ba. Akwai wata baturiya cikin matan nan masu hwarin lulluɓi, kwana uku tana zamne bakin gadonka. In ta gama ba ka magani sai ta jawo tata daga ƙugu ta yi ta ja. Ni ina nan da tawa, ita tana can da tata. Na ƙare mata kallo. Goma, guda, goma, guda. Roƙo take yi maka, ban hana ta ba."

Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta fito da ɗan ƙulli ta ajiye a gabana.

"Talatin da uku na ɗauka, su nake buƙata. Waɗanga ragowa ne. Ba ni da wurin sa su, kuma ba a zubda abin ibadar mutane."

Na ce, "Inna, sallar nan..."

"Kul."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta dube ni da idanun da yanzu suke gani tar.

"Ban tambaye ka ba. Ran nan na tambaye ka, ka ba ni amsa, na kai ma baffanka, baffanka ya kai zaure. In na sauka za su zo su tambaye ni. In ce musu haka ɗana ya hwaɗa mini, ban yi ƙarya ba. In ka buɗe bakinka yanzu, ka sa ni ciki. Tsohuwa da ni, ƙahwa guda cikin kabari, kada ka sa ni ciki, auta. Riƙe abinka."

Na so ta zage ni. Na zo da shirin kuka da neman gafara, har na tsara yadda zan fara, ina sa ran in koma Lyon da sauƙin ƙirji. Ta hana ni wannan, kuma ta yi daidai, domin sauƙin nawa ne, nauyin kuma ita za ta kwasa zuwa Maradi. Na ɗauki ƙullin na sa a aljihu. Ta ce in zo in danne mata akwati ta ja zif.

Shekara shida ta yi bayan nan. Na je gida sau uku, kullum tasbahar na hannunta, ƙwayoyin sun yi duhu da shafa. Mun yi hira kan komai, kan aurena, kan rufin ɗakinta da ke yoyo, ban da wannan. Baffa kuwa duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce wannan ne ya yi wa yayansa salla a Ƙurɗuba. In ya faɗa a tsakar gida, Inna takan tashi ta shiga madafa ta ce ta bar abu a wuta.

Da ta rasu, wannan karon na samu jana'iza. Mun rufe ta da hantsi, muka dawo zauren Malam muka zauna karɓar gaisuwa. Ya cika har waje, akwai malamai masu furfura, akwai limamin unguwa, kowanne ya fi ni cancanta. Da aka zo addu'a Baffa ya ɗaga hannu ya tsayar da liman. Ya ce a yi masa haƙuri, a bar auta ya yi, shi da Allah ya kai goshinsa inda ba wanda ya taɓa kaiwa a zuriyarmu, bakinsa ba irin namu ba ne.

Na duba zauren daga wannan bango zuwa wancan. Mutum ɗaya ce ta sani, kuma mun baro ta a maƙabarta. Na ɗaga hannuwana, zauren duka ya ɗaga, na fara Fatiha daga farko.